Abin da Teburin Leza Ya Koya Mini a Legas

Shekara uku na yi ina taya maigidana aiki a shagonsa na gyaran kwamfuta a Ikeja, ina ceto bayanan mutane daga faifan da ya lalace. Shi ya sa da na kai ajin ƙarshe a jami'a ban yi dogon tunani ba wajen zaɓar aikin bincike. Na ɗauki adana bayanai ta hanyar hologiram, wato hoton da ake ɗauka da hasken leza, wanda ke nuna abu da zurfinsa kamar na gaske.

Lissafi ne ya ja ni. CD yana cin megabait 700, DVD gigabait 4.7, Blu-ray kuwa 25 a shimfiɗa ɗaya, domin an yi ta rage tsawon zangon hasken leza daga nanomita 780 zuwa 650 zuwa 405 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ɗigon rubutu yana ƙara ƙanƙancewa. Amma dukkansu ɗigo bayan ɗigo suke rubutu a kan shimfiɗa. Hologiram cikin jikin abu yake shiga. Ana raba hasken leza gida biyu. Ɗaya ya bi ta wani ɗan allo mai nuna shafi guda na ɗigogi baƙi da fari, kusan miliyan, ya kwaso saƙon. Ɗayan ya taho wayam, shi nake kira hasken mabuɗi. Inda suka haɗu a cikin ƙanƙarar lu'ulu'u ko roba mai jin haske, sai su yi saƙa ta layukan haske da duhu, abin ya riƙe saƙar. Ka ɗan karkata mabuɗin, ka rubuta wani shafin a gurbi ɗaya, haka har ɗaruruwa. Ranar karatu, ka haska mabuɗin ta kusurwar da aka yi rubutu, shafin ya fito gaba ɗaya a idon kyamara.

Dennis Gabor ya gano hologiram a 1947, ya karɓi kyautar Nobel a 1971, kuma tun 1963 Pieter van Heerden ya kawo shawarar adana bayanai da shi. To me ya hana mu sayar da irin wannan faifai a Ikeja? Tebur ne ya ba ni amsa.

Abin da muke da shi jar leza ce mai nanomita 633 da gilasai masu ɗaukar hoto. Burina kawai in ɗauki hologiram ɗin makullin ɗakina. Mako biyu ina wanke gilashi yana fitowa babu komai. Na zargi sinadari, na zargi madubai. Ashe janareton bayan ginin ne, da fanka, da manyan motocin da ke wucewa. Kaurin gashin kai ya ninka zangon hasken nan kusan sau ɗari, kuma motsin da bai kai rabin zangon ba ya isa ya dagula saƙar. Hannu ba ya jin wannan rawa, ido ba ya ganinta.

A Agege na kai kuka wurin kawuna, tsohon direban tirela.

"Kawu, teburin ne yake rawa, na rasa yadda zan tsayar da shi."

"Ɗana, kaya mai fashewa ba a ɗora shi a kan ƙarfe tsirara. Iska ake sa masa a ƙasa."

Ya ba ni tiyub biyu na taya. Na hura musu iska kaɗan, na ɗora akwatin yashi a kai, na kafa madubai cikin yashin. Daga baya na karanta cewa masu yin hologiram a gida sun daɗe da wannan dabara. Na koma aiki bayan sha biyun dare, fanka a kashe, ina riƙe numfashi duk lokacin da na buɗe leza. A dare na huɗu makulli ya fito.

Tun daga nan na daina auna fasaha da yawan gigabait ɗin da aka yi alkawari. Yanzu tambayata ita ce, me zai riƙe rubutun, kuma a wane hali? Ƙanƙarar lu'ulu'un da ake kira litiyam nayobet tana karɓar rubutu da kyau, amma hasken da ake karatu da shi yana goge shi sannu a hankali. Robar kuwa tana ɗan tsukewa yayin rubutu, kusurwa ta kauce, shafi ya dusashe. Kamfanin InPhase na Amurka ya nuna faifai mai gigabait 300, amma ya durƙushe a 2011, lokacin da faifan maganaɗisu na cikin kwamfuta da muke gyarawa ya riga ya wuce wannan adadi a farashi mai sauƙi. Na tausaya musu ƙwarai, domin na ɗanɗani wahalar shafi ɗaya tak.

Gefen gilashin nan ya fashe a cikin jakata a hanyar gida. Na ɗauki ɗan guntun na haska shi da ƙaramar tocilan leza a gaban Kawu. Makullin yana nan cikakke, sai dai ya ɗan dushe, saboda kowane sashe na gilashin ya karɓi haske daga dukkan jikin makullin. Kawu ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce in kashe fitilar ɗakin ya sake gani.