Daƙiƙa goma da suka kusa zubar mani da mutunci

A daminar bara na haɗa wa wasu malaman gona wata 'yar manhaja, don yi wa manoman shinkafa rajista a fadamun wajen Haɗejiya. Aikinta bai taka kara ya karya ba: malami ya tsaya a gona, ya rubuta sunan mai ita, ya danna, waya ta ɗauki lambobin wurin. Da Ionic da Cordova na yi ta, wato shafin intanet ne aka sa wa rigar manhaja, don ni dai a yarukan rubuta manhaja JavaScript na iya, kuma ba ni da lokacin koyon wani abu sabo.

A ɗakina a Kano na gwada ta ya fi sau hamsin. Ina dannawa lambobi ke fitowa. Ranar farko da aka fita da ita, da la'asar wani dattijo cikinsu ya hau tudu ya samu sabis ya kira ni: "Injiniya, abin nan naka fa bai san inda muke ba." Ko gona ɗaya ba su ɗauka ba.

Na farko da ya zo mani shi ne laifin rashin data ne, har na fara shirya yadda zan ba su haƙuri. Ashe ni ne ban fahimci abin da nake gwadawa ba. A Kano, wayata ba sama take saurara ba. Tana duba Wi-Fi na maƙwabta da ƙarafan sabis da ke kusa, ta tambayi Google ta intanet, a ce mata ga inda kike. A fadama babu wanda za ta tambaya.

Shi kuwa GPS ba ruwansa da data. Taurarin ɗan'adam ne da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, suna ta watso saƙo, waya saurare kawai take yi. In ta ji huɗu, ta lissafa inda take. Sai dai kafin lissafin dole ta san inda kowane tauraro yake, kuma wannan bayanin a hankali yake sauka, bit 50 kacal a daƙiƙa (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani). Na tauraro guda yakan ɗauki wajen daƙiƙa 30, in ba abin da ya katse shi, cikakken jadawalinsu duka kuwa minti 12 da rabi. In da sabis, waya kan sauke shi ta intanet nan take, shi ake kira A-GPS. In babu, sai ta jira sama ta karanta mata.

To ni kuma me na rubuta? A getCurrentPosition, wato umarnin da ke tambayar waya inda take sau ɗaya, na sa timeout, wato wa'adin jira, na daƙiƙa goma, enableHighAccuracy ma, mai sa waya ta nemi wuri na daidai da GPS, ban kunna ba. Waya na cikin sauraro, ni na rufe mata kunne, sai kuskure mai lamba 3 ya fito, na kuma fassara shi da "ba a samu wuri ba". Kunya ta ishe ni.

Gyaran bai kai awa biyu ba. Na kunna enableHighAccuracy, na koma watchPosition, umarnin da ke ci gaba da bibiyar wuri, yadda manhaja za ta fara nema tun ana buɗe ta. Na sa tana nuna accuracy, wato yawan mitocin da lissafin zai iya kaucewa, a fuskar waya, malami yana kallo yana sauka daga mita ɗari zuwa ashirin zuwa takwas, kuma maɓallin ajiyewa ba ya buɗewa sai ya sauko ƙasa da goma sha biyar. Wannan nunin shi ya fi komai amfani, don mutum in ya ga abu na motsi zai jira. Bayanan kuma SQLite, ma'ajiyar bayanai ta cikin waya, ke riƙe su har a dawo gari. Wata waya ɗaya ta ci gaba da gardama, ashe Android 12 ce, mai ita ya zaɓi a ba da wuri na kintace maimakon na daidai lokacin da aka nemi izini.

Taswira ce har yanzu ban warware ba, don hotunanta daga intanet suke zuwa, a fadama ɗigo ne kawai a kan farin allo. Dattijon nan bai damu ba. Ya ce shi yanzu tun yana kan babur yake buɗe manhajar, kuma ya hana yaransa dannawa a ƙarƙashin rumfar kwano, don tana tare wa waya sama.