Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Shekarar Da Tela Ya Kasa Biyan Haya

A makon jiya na tsaya ne a inda na haɗa kuɗin sallamata na aikin koyarwa da na gonar gadon da muka sayar, na sayi gidan nan na Ɗorayi a 2017. Ciki da falo uku ne, da shago ɗaya a bakin hanya, sai rijiya a tsakar gida. Lissafina shi ne kuɗin hayar su riƙa toshe inda fansho bai kai ba, abin da ya ragu kuma a tara wa kayan ɗakin autata.

Komai na tafiya daidai, sai 2020 ta zo da korona. Daren Alhamis 16 ga Afrilu aka kulle Kano, bayan mako guda azumi ya kama. Kusan kullum sai ka ji an yi rashin wani dattijo. Daga baya ne aka riƙa buɗe gari Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, a fita a nemo abinci.

Cikin 'yan hayata akwai wani tela mai 'ya'ya huɗu. Shi ke riƙe da shagon da ciki da falo ɗaya, duka a kan naira dubu 180 a shekara, kuma hayarsa a watan Mayu take ƙarewa. Duk wanda ya san ɗinki ya san azumi ne kakar tela. Da ɗinkin sallah yake biyan haya, ya biya kuɗin makaranta, ya sayi buhun masara. A waccan shekarar kuwa Kantin Kwari a rufe take, wa zai yanko shadda balle ya kawo ɗinki?

Dillalina ya kira ni a waya. "Malam, ka ba shi notis kawai. Akwai mai kemis da zai ajiye dubu 250 yau ɗin nan." Ban ga laifinsa ba, da la'ada yake ci da iyalinsa. Uwargida ma da ta ji, cewa ta yi, "Malam, kayan ɗakin yarinyar nan fa?" Ita ma gaskiyarta ce, domin an riga an sa rana.

Na kwana ina juyi. Abin da ya hana ni barci shi ne wani tsoho da na yi haya a gidansa a Fagge a 1988, ina sabon malami. Fataucin goro ya yi a ƙuruciyarsa, har Kumasi yana zuwa. Akwai lokacin da albashi ya makara, na tara masa hayar wata huɗu. Na je zaurensa da ban haƙuri a bakina, ko zama ban gama yi ba ya ce, "Ɗan nan, ka ga na aika maka ne?" Sai ya ce jikokinsa na buƙatar mai koya musu lissafi bayan la'asar, a riƙa cirewa a cikin hayar. Na yi shekaru kafin na gane cewa yaran suna da mai koya musu tuntuni. So ya yi na ci gaba da wucewa ta ƙofar zaurensa kaina a ɗage. Allah ya jiƙansa.

Ranar Litinin da aka buɗe gari na tafi Ɗorayi. Telan na ganina ya durƙusa. "Baba, wallahi kunyar haɗa ido da kai nake."

Na ce ya tashi, aiki na kawo masa. Ankon bikin autata, da labulaye, da zannuwan gado, da kayan fitar biki na ƙannena mata, duk shi zai ɗinka, a lissafa a farashin da yake yi wa kowa, a cire daga hayar. Ragowar kuma ya riƙa kawowa duk wata idan gari ya buɗe, ba ƙarin ko kwabo. Ya daɗe yana kallon kekensa bai ce komai ba.

Amma na sa mun rubuta, maƙwabta biyu suka shaida. Ayar Suratul Baƙara ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin matsi har ya samu sauƙi, ta 282 kuma ta ce a rubuta bashi. Ni na ga zumunci da yawa da ya lalace saboda an yi alheri da baki, kowa ya riƙe nasa lissafin a ka.

Abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Sai da muka ɗaga bikin zuwa bayan babbar sallah, kujerun da aka zaɓa da farko ma aka sauya su da masu sauƙin kuɗi. Uwargida ta yi kwana biyu tana amsa mini magana ciki-ciki. Amma ita ce da kanta ta auna gero da sukari ta ba autar ta kai wa matar telan kafin shan ruwa.

Wata goma sha huɗu ya ɗauka kafin ya gama biya. Ranar da ya kawo cikon ƙarshe, ya haɗo da wata farar jallabiya da ya ɗinka mini ba tare da ya gwada ni ba, ta kuma zauna mini daidai.

Sai dai magana ba ta ɓuya a gidan haya. Mai ɗakin tsakiya, wanda albashinsa bai tsaya ko wata ɗaya ba a lokacin kullen, ya ji abin da aka yi wa tela. Ran nan bayan magariba sai ga shi ya yi sallama a ƙofar gidana. Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.