Solenoyid ɗin matsin mai a giyar CVT, ɗan ƙarami amma shi ke tsare bel

Jama'a da yawa suna ɗauka solenoyid, wato ɗan bawul mai aiki da wutar lantarki a cikin giyar mota, shi ne ke canja giya da ƙarfin kansa, to gaskiya ba haka abin yake ba. A CVT, wato wani nau'in giyar otomatik, ai babu giya ta ɗaya ta biyu, fuli biyu ne kowanne da fuska biyu masu gangara, ga bel na ƙarfe ko sarƙa a tsakani, kuma man giya ne ke tura fuskokin nan su matse bel ɗin. Famfo ke turo man, amma wa zai ce ga iya matsin da ake so a wannan daƙiƙar? Aikin solenoyid kenan.

Cikinsa naɗaɗɗiyar waya ce da ɗan ƙarfe mai zamewa. Kwamfutar giya tana duba totur da gudun fuli da zafin mai, sai ta riƙa aika masa wuta kunna kashe kunna kashe da mugun sauri, gwargwadon daɗewar kunnawar gwargwadon yadda maganaɗisu zai ja ƙarfen, shi kuma ɗan man da ya saki ko ya tare shi ke tura babban bawul ya daidaita matsin gaba ɗaya. Nan ne abin ke burge ni wallahi, don in matsi ya yi ƙasa bel zai zame ya karce fuli, garin ƙarfe ya shiga mai ya je ya maƙale bawul, in kuma ya yi yawa famfo na ta cin ƙarfin inji, mai ya yi zafi, fetur ya tafi a banza. Shi ya sa a giyoyi da yawa in wuta ta ɗauke wa solenoyid sai matsi ya hau can sama, gara mota ta yi nauyi da a ce bel ya zame.

Amma don Allah in na'urar gano matsalar mota ta nuna lamba P0746 ko P0776 kada a yi saurin cewa solenoyid ya mutu. Lambobin nan cewa suke matsi bai kai yadda kwamfuta ta nema ba, kuma bawul ɗin cikin famfo da ya cinye ko tsohon mai ko sensa suna iya jawo haka. A auna wayar solenoyid ɗin da mita, a duba matsin, a leƙa maganaɗisun kaskon mai ko ya tara garin ƙarfe. Mai kuma a zuba wanda kamfani ya ce, Nissan NS-2 ko NS-3, Honda HCF-2 ga motocin da ke shansa, man otomatik na gargajiya zamar da bel yake yi.