Karayar da ta nuna mana halin da ƙashin Inna yake ciki

Inna ba daga bene ta faɗo ba. Buta ta ɗauka za ta yi alwalar Asuba a gidanmu da ke Tudun Wada, santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Shekarunta 63. Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori, na dage muka tafi asibiti.

Da likitar ta duba hoton ƙashin sai ta tambaya: "Mama, yaushe al'ada ta ɗauke miki?" Inna ta sunkuyar da kai, ni na amsa, ta fi shekara 15. Likitar ta ce ƙashi yakan gama cika ƙarfinsa wajen shekara 30, daga baya ya riƙa zaizayewa a hankali, amma da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin da ke kare shi sai ya ragu, zaizayewar ta ƙara gudu. Ba ciwo, ba kumburi, sai ranar karaya.

Sannan ta ce in nuna mata magungunan da Inna ke sha. Na zazzage leda, ta ɗaga wani ƙaramin sache: deksametason. Jikina ya yi sanyi. Ni ce nake sayo mata a wani kemis saboda ciwon gwiwa, kusan shekara 3, ina murna wai ta yi kumatu. Ashe irin wannan magani, in aka daɗe ana sha, cin ƙashi yake yi. Likitar ta gargaɗe ni kada in yanke mata shi lokaci guda, ita ta tsara yadda za a riƙa ragewa.

Sauran duk muna gani ba mu gane ba. Inna siririya ce, ta rage tsawo, bayanta ya fara ranƙwafawa, muna cewa tsufa ne. Kakarmu ma karayar ƙugu ce ta kwantar da ita har ta rasu. Ga zaman ɗaka, rana ba ta taɓa fatarta balle jiki ya samar da bitamin D da ƙashi ke buƙata.

Yanzu kindirmo ba ya yankewa a gidan, ga zogale da riɗi da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya, saboda kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Na sa an yi wa bakin rijiya siminti mai kaushi, an ƙara fitila a banɗaki. Da hantsi mukan zagaya tsakar gida tare, tana riƙe da kafaɗata. Shekaruna 38, kuma kofin kindirmo biyu nake zubawa, ɗaya nata, ɗaya nawa.