Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Shekarun Da Na Yi Ina Tura Ruwa A Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a, a makon jiya mun tsaya ne a inda na sauka Kano a 2009 da jakar leda ɗaya, kawuna ya karɓe ni a Fagge. To kwana uku da zuwana ya kai ni wajen mai kura, aka ba ni haya da jarkoki, ya ce min gobe da asuba Sabon Gari za ka fara.

Wallahi a daren nan ban yi bacci ba. Mu a ƙauyenmu in aka ce Sabon Gari to an gama magana, wajen giya ne da mata, yaron kirki ba ya taka wajen, har mahaifiyata sai da ta ja min kunne a kai kafin na taho. Amma kawu ya ce can ne ruwa ke da kuɗi, don famfo ya daɗe da ƙafewa a yawancin gidajen.

Abin da ya fara ba ni mamaki layukan ne. A cikin birni lungu ne ke haifar lungu, amma nan tituna ne miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya, wani ya ratsa wani, in ka tsaya a bakin layi kana hango ƙarshensa. Daga baya wani tsohon tela Bayarabe da nake kai wa ruwa yake gaya min ai Turawa ne suka yanka unguwar bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, suka zaunar da ma'aikatan da suka zo daga kudu da ma wasu ƙasashen, shi ya sa za ka ji sunaye irin su Abeokuta Road, Enugu Road, Warri Road, Aba Road, har da Freetown da Gold Coast. Ni da ban iya karatun boko ba a lokacin, da ƙafa na haddace su, na san inda kwalta ta mutu, na san inda lambatu ke ambaliya da damina har tayar kura ta nutse sai an taya ka ɗagawa.

Gidajen kuwa iri biyu ne. Akwai tsofaffin nan na ƙasa da aka shafe da siminti, kwanonsu duk ya yi tsatsa, ka shiga ka ga ɗakuna jere suna kallon juna da siririyar hanya a tsakiya, risho a ƙofar kowane ɗaki, banɗaki ɗaya can baya na mutum wajen talatin, da safe har layi ake yi da bokiti. Su na fi so don ba hawa. Sai kuma benaye masu hawa uku da huɗu, ƙasa shaguna sama haya ko otal, waɗannan su suka cinye min kafaɗa, jarka biyu a hannu kana hawa matakala mai duhu ba fitila, in ka kai sama numfashinka kamar zai fita, duk da dai ana ƙara maka kuɗin hawa.

To maganar gidajen giya, ba zan ɓoye muku ba na shiga su ba adadi, amma da safe, lokacin da ba kowa sai ƙudaje da warin jiya, an kife kujerun roba a kan tebura, yara na wanke kofuna da tukwanen farfesu. Da yamma ne layin ke canzawa gaba ɗaya, a fito da kujeru har bakin titi, janareto ko'ina, kiɗa na tashi daga nan na can na danne shi, ga masu tsire 'yan uwanmu Hausawa sun hura wuta a gefe. Duk da an ƙaddamar da shari'a a Kano tun 2000 kuma Hisbah na kama motocin giya tana farfasa kwalabe, a cikin unguwar abin bai tsaya ba. Abin ya dame ni sosai har na ce wa kawu anya kuɗin nan da kyau kuwa? Ya ce kai ruwa ka kai, amma kada ka kuskura ka ɗauki kwalba ko kiret ko nawa za a ba ka. Na riƙe wannan har na bar sana'ar.

Akwai wata Madam a wani layi kusa da Ibo Road, jarka goma take saya kullum, ranar farko ta ce in shigar mata da kiret na ce a'a addinina ya hana, na zaci shikenan na rasa ciniki, sai kawai ta kira yaronta ya ɗauka kuma ba ta sake tambayata ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar ita ta aiko har Fagge a duba ni, da kuɗin magani.

A gidanta ne kuma abin da har yau yake min ciwo ya faru. Wata rana na makara sai bayan magariba na kai ruwan, na bi ta baya zan juye a duro, ashe akwai wani ɗan ɗaki da labule da ake ajiye waɗanda ba sa so a gan su. Iska ta ɗaga labulen, muka haɗa ido da wani dattijo ɗan garinmu, mutumin da in ya zo gida da sallah mahaifina ke tashi ya ba shi tabarma. Jarkar ta kusa suɓuce min. Na sunkuyar da kai na fita, ban kai bakin titi ba na ji ana kiran sunana a hankali daga baya.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.