Ranar da randa ta ƙi yin sanyi

Shekarata ta farko ina koyar da kimiyya a aji biyar na firamare, a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, abin da na yi wa yara a kan zafi bai wuce rubutu ba. Na cika allo da hanyoyi uku da zafi ke bi ya tashi daga wani abu zuwa wani, duk da Turanci kamar yadda littafi ya kawo. Suka kwafa, suka haddace, don hadda ba baƙuwarsu ba ce, yawancinsu daga makarantar allo suke wucewa boko. Ranar gwaji suka dawo mini da kayana ba ragi ba ƙari. Sai na tambaye su da Hausa me ya sa ake tuƙa tuwo da muciya, ba a yi da ƙarfe. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai ƙarfe ƙona hannu zai yi." Na ce to wannan wanne ne a cikin ukun da kuka rubuta? Ajin ya yi tsit.

Daga nan na fara shigowa aji da kayan madafa. Cokalin ƙarfe, ludayin duma, guntun kara, kowanne muka manna masa ɗan man shanu a ƙarshen mariƙi, muka dasa ƙwayar gero a jikin man, sannan muka tsoma su a kwanon ruwan zafi. Ruwan ni kaɗai nake zubawa, yaro ba ya matsowa kusa da tukunya. Geron cokali ne ya fara zamewa, na ludayi har ruwan ya huce yana nan daram. Sun ji daɗi, amma ban ƙaru da komai ba, su ma haka, domin kowa ya san abin da zai faru tun kafin a fara.

Gwajin da ya girgiza su shi ne na ƙanƙara. Azumi ya faɗo a bazara, ana kawo ƙanƙara daga gari a kan babur. Na sayi dunƙule guda, na fasa biyu, na naɗe ɗaya a bargo, ɗayan na bar shi a faranti. Kafin mu ajiye, na ce kowa ya faɗi wanda zai riga narkewa, muka ƙirga hannuwa muka rubuta a allo. Kusan duka suka ce na bargo, wai bargo zafi gare shi, shi ya sa ake lulluɓa da shi da hunturu. Bayan tara muka dawo, na faranti ya zama ruwa, na bargo ko rabi bai zube ba. Gardama ta kaure, har wani ya ce na yi musu dabo. Wani yaro da wansa ke sana'ar ƙanƙara ya raba faɗan: su ma a buhu da garin katako suke binne ta. A nan suka gane bargo ba ya haifar da zafi, tare shi yake yi. Da hunturu zafin jikinka yake hana fita, a kan ƙanƙara kuma zafin waje yake hana shiga. Tun ranar ba na fara wani gwaji sai sun yi hasashe an rubuta, don yaron da ya ɗaga hannu ya faɗi kuskure ba ya gyangyaɗi sai ya ga ƙarshen magana.

Ni ma na sha kunya. Na sayo ma'aunin zafi a kemis, ban lura ba cewa na jikin mutum ne, daga digiri 35 zuwa 42 kawai yake aunawa, tunda lafiyayyen jiki wajen 37 yake. Ruwa kuwa sai ya doshi digiri 100 yake tafasa. Na tsoma shi a ruwan zafi, ya fashe a gaban yara. Daga baya na aro na ɗakin gwaji a wata sakandare.

Kalmar makamashi ta ba ni wuya, don su da sun ji ta fetur da itace suke tunawa. Sai na sa su murza tafukansu har suka ɗumama, na tambayi inda ɗumin ya fito. Muka bi sawu baya: motsi daga ƙarfin hannu, ƙarfi daga kokon safe, koko daga gero, gero daga rana. Farantin sola da ke kan rufin mai cajin waya ma daga ranar yake ci.

Amma randa ce ta fi ni iya koyarwa. Ruwanta yana naso ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Zafin ba kaɗan ba ne: abin da ake buƙata a mayar da lita guda tururi ya ninka fiye da sau biyar na abin da zai kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Aikin da gumi ke yi a jikinmu ke nan. Na ba su labarin marigayi Mohammed Bah Abba, malami a nan Jigawa, wanda ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Gautan da ke lalacewa a kwana uku ya kai kwana 27 a ciki, kuma a 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Da suka ji ɗan jiharsu ne, sai suka ce mu ma mu haɗa.

Muka haɗa a watan Afrilu, tumatirinmu ya yi kwanaki ras, na cikin kwando ya yamutse. Kai ya kumbura mini. A watan Yuli, dab da hutu, aka ce masu duba makarantu za su zo, na ce bari in burge su. Muka sake haɗawa, muka auna ciki da waje, bambancin bai taka kara ya karya ba. Na duba yashi, na ƙara ruwa, na sauya tsumma, a banza. Ina ta zufa a gaban baƙi, har na fara ɗora laifin a kan tukwanen.

Da yamma na kai ƙara wurin tsohuwar da ta gina mana su. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko? Randa ai ba ta sanyi da damina. Ka taɓa ganin wanki ya bushe da wuri ana marka?" Na ce, "Iya, wallahi ban haɗa biyun ba." Iskar damina ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin ɗaukar wani ruwan, shi ya sa nason yake tsayawa a jikin tukunya, zafin ma ya tsaya. Na san wannan a takarda tun ina kwalejin horon malamai.

Washegari na faɗa wa yaran abin da Iya ta ce, da bakinta, ban mayar da shi nawa ba. Muka buɗe shafi a bayan littafin aji, muka rubuta awon Yuli a ƙarƙashin na Afrilu, muka bar layi biyu, ɗaya na kaka, ɗaya na hunturu. Yarinyar nan mai maganar muciya ta ce a rubuta hasashenta tun yanzu, na hunturu ne zai fi, don lokacin ne leɓe ke tsagewa.