Maki goma da suka tona min asiri

A zango na biyu muna aji biyu, malamin da ke koya mana Python, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, ya zo mana da wata doka. Duk Juma'a kafin Magariba kowa zai tura masa rubutu, kada ya wuce shafi ɗaya, a kan abu guda da ya koya a makon. Sharaɗin shi ne a yi bayanin yadda wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai gane. Ya ɗora maki goma a kai. Muka yi ta gunaguni, don da yawanmu gudun insha'i ne ya kawo mu kimiyya.

Makonni ukun farko abin da kowa ke yi na yi. In tsinto bayani a intanet, in juya kalmomin, in tura ta waya ina cikin keke napep a hanyar komawa Tudun Wada.

A mako na huɗu ne asirina ya tonu. Ina haɗa wa Yaya wata 'yar manhaja da za ta riƙa tara masa cinikin shagonsa na Kasuwar Barci, sai na gwada 0.1 + 0.2. Maimakon 0.3, kwamfuta ta ba ni 0.30000000000000004. Na sake, haka. Dama kwamfutar ta hannu ce na saya, batirinta ya mutu, ana ɗauke wuta take ɗaukewa. Sai na yanke hukuncin cewa ƙwaƙwalwarta ce ta fara taɓuwa, na zauna na cika shafi guda ina ba mutane shawarar su guji tsohuwar kwamfuta.

Ranar Litinin ya kira ni ofis, ya turo min tasa. "Zauna, buga a nan." Na buga, amsa ɗaya.

"To, ita ma tawa ta taɓu ke nan?"

"A'a, Malam."

Bai yi min bayanin komai ba. Ya miƙo takarda da biro, ya ce in raba 1 gida 3, idan na gama in faɗa masa. Ina jera 0.3333 har na kusa bakin takardar, sai na ɗago kai. Dariya kawai yake yi.

A daren nan na bi diddigin abin. Kwamfuta da 0 da 1 kaɗai take ƙirga, kuma a wannan ƙidayar 0.1 ba ta da ƙarshe: 0.000110011001100, haka za ta yi ta maimaita kanta kamar ukun da na jera. Gurbi 64 kacal Python ke ware wa irin wannan lamba, don haka dole a datse wutsiyar. Ɗan guntun da aka datse shi ne ya leƙo a ƙarshen amsar. Wani abin haushi, mun yi wannan darasin tun a aji ɗaya, har na ci jarabawarsa. Hadda ce kawai.

Daga nan na sauya salo. Kafin in tura, sai in karanta wa ƙanwata da ke ƙaramar sakandare. Duk inda ta yamutsa fuska ta ce "Yaya, ban gane ba," idan na duba, nan ne ni ma nake kame-kame. Masu ba ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, aikin kuwa ba su ji da daɗi ba, don Malam kan tsayar da mutum a aji ya ce ya fayyace jimla ɗaya daga rubutunsa.

Bakwai na samu cikin goman, ukun sun tafi da makonnin kwafe. Manhajar Yaya kuma na mayar da ita tana lissafi da kwabo zalla, babu ɗigo, sai a ƙarshe ta mayar naira. Da na nuna masa, ya ce shi rabonsa da ganin kwabo a kasuwa har ya manta.